Maude Mai Dakon Gawar Alhaji

Duk wanda ya zauna a garin Abuja na da, tun ba a fara zancen kafa babban birni ba, ya san Maude. In bai san sunansa ba ya san tafiyarsa. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci za ka gan shi ya ratso kasuwa da gammo a ka, a bisa gammon wani abu mai faɗin faifai an naɗe shi da farin ƙyalle, wuyansa ya nutse don nauyi. Mahauta su ɗago kai su ce, "A'a, Maude, yau ma an fito da gawar Alhaji shan iska?" Shi kuwa ya ce, "An fito da ita," ya wuce abinsa ko murmushi babu.

Ba gawa ba ce. Ta'aziyya ce, irin wadda ake bugawa a jarida in babban mutum ya rasu, an jera ta da haruffan dalma cikin firam na ƙarfe. Abin da ya sa ta zama abin tsokana shi ne mai ita yana nan da ransa, yana cin tuwonsa har da neman ƙari.

Bari in faro daga tushe. Uban Maude mai jakai ne, yana yi wa Alhaji Mato dakon goro daga Zuba. Ya rasu Maude ko kaciya ba a yi masa ba. Alhaji Mato, wanda a lokacin babu attajiri kamarsa a garin, ga goro ga auduga ga motar katako, ya ɗauke yaron ya haɗa shi da 'ya'yansa. Ya sa shi elementare. Da ya gama ya miƙa shi wata 'yar maɗaba'a ta mishan ya koyi jera haruffa, kuma a nan ya haɗu da Ishaya, wani ɗan Gbagyi mai yawan dariya, suka zama kamar 'yan ɗaki ɗaya. Da 'yan mishan za su tashi, Alhaji ya saye tsohon injinsu da akwatunan haruffa, ya zuba su a wani shago bakin kasuwa, ya ce gari kamar nasu bai kamata ya zauna ba jarida ba. Shi kansa bai iya boko ba, ajami kawai ya sani, amma yana son a ce jaridar Mato. Aka raɗa mata suna Muryar Iku, don kogin da ya bi ta gefen gari. Falle ɗaya ce gaba da baya, ran Laraba take fita.

A gaba akwai farashin hatsi da labarin kotu da cigiyar dabbobi. Amma mutane bayan suke fara juyawa, inda Maude ke rubuta waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Nan kam Allah ya ba shi. Zai je gidan makoki ya zauna daga gefe yana sauraro, ya tambayi maƙwabci, ya tambayi abokin wasa, sannan ya dawo ya fito da mutum ɗungurungum a layi goma, har matar mamaci ta ji an karanta ta ce wallahi shi ne. Mutane kan linke fallen su ajiye a ƙasan adaka.

Sai aka yi mutuwar Malam Yamusa dillalin shanu, aminin Alhaji tun ƙuruciya. Ya cika ana gobe jarida za ta fita, shafi ya riga ya cika maƙil, kafin Maude ya ji ma har an dawo daga maƙabarta. Ya matse nan ya matse can, ya samo masa layi uku a ƙarƙashin cigiyar wani bijimi da ya ɓace. Da aka karanta wa Alhaji a zaure, sai ya cire hula ya ɗora a gwiwa ya daɗe yana kallonta.

"Bijimi a sama, Yamusa a ƙasa," in ji shi. "Maude, haka za ka yi mini?"

"Haba Baba Alhaji, Allah ya ja da kwana. Lokaci ne ya ƙure mini."

"To ni ba zai ƙure maka ba. Ka jera tawa tun yanzu ka ajiye. Ka bar gurbin rana kawai."

Maude ya yi ƙoƙarin fahimtar da shi. Haruffan nan ba su da yawa. Kowane mako in an gama bugu sai an wargaza shafi an mayar da kowane baƙi gidansa, da su ne za a jera na mako mai zuwa. Duk wanda aka ɗaure a firam aka ajiye, an cire shi daga aiki ke nan. Alhaji ya ce shi bai ga abin wahala ba, a rage surutu a sauran wuraren. Sannan ya dubi mutanen da ke zaure, liman na unguwa yana cikinsu, ya ce, "Ku shaida. Maude, ka yi mini alkawari hannunka ne zai buga ta, kuma ta fita kafin sadakar uku."

A lokacin Maude bai daɗe da auren Lantana ba, jininsa na tafasa, Alhaji kuwa ya haura sittin ga tari da ke girgiza shi kowace damina. A ransa ya ce shekara biyu ce ko uku. Ya ce ya yi alkawari, aka shafa fatiha. Kai, da mutum yana ganin gabansa!

Ya jera ta, ta ci rabin shafi. Alhaji ya ce ba ya son a kawo masa a takarda, dalmar yake son gani, kuma a riƙa kawo ta duk Juma'a ana karanta masa ko akwai abin gyara. Abin gyara kuwa bai taɓa ƙarewa ba. Ya haƙa rijiya a Zuba, a sa. Ya sake hawa Makka, a sa. An ba shi kujera a majalisar gari, a sa, kuma a sa da manyan haruffa. Haruffan dalma a juye suke, sai mai sana'ar ke iya karanta su, saboda haka Maude ke durƙusawa ya karanta, Alhaji ya kishingiɗa ya lumshe ido yana shafa firam ɗin da tafin hannu kamar mai shafa bayan doki. Ta'aziyya tana ƙiba, jarida tana ramewa. Da Hindatu ungozoma ta rasu, matar da ta yanke cibiyar rabin garin, layi huɗu ta samu, Maude ya yi mako yana jin kunyar bi ta ƙofar gidansu.

Shekarar da aka samu mulkin kai Ishaya ya tafi Kaduna, ya samu aiki a wata babbar maɗaba'a. Da ya zo Kirsimeti ya shigo shago da takalmi sau-ciki yana ƙamshin sabulu, ya tsaya yana kallon injin da Maude ke ja da hannu, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Maude, har yanzu kana kokawa da wannan tsohuwar? Can injin da kansa yake tafiya. Haruffa kuwa ɗaki guda, in ka ga dama ka yi wanka da su. Na gaya wa oganmu akwai wanda ya fi ni hannu, ya ce in zo da kai."

Haruffa ɗaki guda! Maganar nan ta shiga Maude ta zauna. Shi ba kuɗin ne ya dame shi ba, abin da yake so shi ne ya wayi gari ya jera abin da ke ransa ba tare da ya leƙa akwati ya ga ko baƙin ya ƙare ba. Yana so ya ga jirgin ƙasa. Yana so ya yi Juma'a ɗaya wuyansa a miƙe. Ran Juma'ar da ta biyo, bayan karatu, ya sunkuyar da kai ya faɗa wa Alhaji. Ya ce zai bar firam a shirye, ranar da ta Allah ta kasance a aika masa ya zo ya buga.

"Da wannan hanyar?" in ji Alhaji. "Da damina mota takan kwana nawa a taɓo kafin ta kai Kaduna? Kafin ɗan aike ya same ka ka iso, ai an yi sadakar bakwai." Sannan ya sassauta murya. "Amma ka tafi mana, ɗan nan. Wa ya ɗaure ka? Ni dai na ɗauke ka kana majina, ban taɓa neman komai a wurinka ba sai wannan abu ɗaya. In ya yi maka nauyi, ka ajiye."

Da zaginsa ya yi da ya fi sauƙi. Maude ya naɗe firam ya ɗora a ka ya koma. Lantana na tsakar gida tana tankaɗe, kallo ɗaya ta yi masa ta gane.

"Ya hana ko?"

"Bai hana ba."

"Ai shi ne ya hana! Malam, mutumin nan fa ba mutuwa zai yi ba. Kai ka ga yadda yake cin nama? Mu za mu tsufa muna gadin dalma."

"Ki iya bakinki, Lantana. Shi ya rene ni."

"Ya rene ka, ya kuma ɗaure ka a turke kamar ɗan akuya," ta ce, ta ci gaba da tankaɗenta tana buga rariya da ƙarfi.

Abin da Maude bai taɓa faɗa wa kowa ba, har ita, shi ne yadda kunnensa ya koma. In yana karatu Alhaji ya yi tari, sai ya tsinci kansa yana auna tarin, na yau ya fi na makon jiya zurfi ko bai fi ba. In ya ji kuka daga unguwarsu Alhaji gabansa ya faɗi, kuma ba faɗuwar tsoro ba. Daga baya kunya ta rufe shi, ya yi ta istigfari a hanya. Mutumin da ya saya masa rigar sallarsa ta farko, yau shi yake wa jiran mutuwa. Ya tsani kansa saboda haka, kuma bai daina ba.

Wata damina Alhaji ya kwanta rai a hannun Allah, har aka aika wa 'ya'yansa da suka watsu Kano da Jos da Ikko. Lantana ta wanke kayansu ta shirya a akwati, Maude ya ga akwatin ya kau da kai. Ya ware haruffan da zai cike gurbin rana ya ajiye a gefe. Sai ga shi ran Juma'a an aiko wai Alhaji na kira. Ya tarar da shi zaune yana shan fura, ya rame amma idon nan tar.

"Ka ƙara layi," in ji Alhaji. "Ka ce ya yi jinya mai tsanani, Allah ya tashi kafaɗunsa."

'Ya'yan suka koma inda suka fito, Lantana ta kwashe kaya daga akwati ta mayar kan igiya. Tun daga ranar ta daina zancen Kaduna, kuma shirun nata ya fi masifarta ciwo.

Aka shiga shekarun yaƙin basasa. Samarin garin da na ƙauyuka suka shiga soja, labari ya riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya. Irin wannan mutuwar ba gawa, ba wanka, ba kabarin da uwa za ta nuna. Abin da ya rage wa iyaye shi ne bayan Muryar Iku. Haruffan Maude kuwa sun tsufa, wasu sun lotse, wasu sun karye, wasu sun bi tsagar daɓe. Ya roƙi Alhaji a sayo sababbi, Alhaji ya ce ana yaƙi, a bari sai baɗi.

Wata safiya Magdalene, yayar Ishaya, ta sauke kayan itacenta daga kafaɗa a ƙofar shago ta shigo. Ɗanta Abraham aka kashe, shi ke nan gare ta namiji. Ba ta yi kuka ba. Ta zauna a kan benci ta shiga ba Maude labarinsa, yadda yake bushe-bushe da karan dawa, yadda ya iya kama kifi da hannu a Iku, yadda ya ce in ya dawo zai yi mata rufin kwano.

"Malam Maude, ka sa duka," ta ce. "Ban ga gawarsa ba. Ka sa duka in riƙe."

Ya leƙa akwatuna, abin da ya rage ba zai wuce layi uku ba. Ya dubi ƙarƙashin tebur inda farin ƙyalle yake. Bayan ta tafi ya jawo firam ya kwance, ya zare sakin layin da ke maganar motar katako, ya cike gurbin da guntayen dalma marasa baƙi, irin waɗanda ake sawa a inda ake son fili. Abraham ya samu layi goma sha biyu. Ran Juma'a Maude ya durƙusa gaban Alhaji, da ya iso wurin motar katako ya zuba ido a kan fili ya karanto ta da ka. Ai ya haddace ta kamar fatiha. Alhaji, wanda a lokacin yanar ido ta fara rufe masa gani, ya gyaɗa kai yana shafa dalma.

Ya yi niyyar mayarwa mako mai zuwa, wallahi ya yi. Amma mako mai zuwa wata uwar ce ta zo. Rijiyar Zuba ta tafi a kan wani ɗan mahauci. Hawan Makka na biyu ya tafi a kan wasu 'yan'uwa biyu daga wani ƙauye bayan dutsen Zuma. Kafin a gama yaƙi abin da ya rage a firam sunan Alhaji ne da manyan haruffa, da layin haihuwa, da gurbin rana, da addu'ar ƙarshe. Sauran duk fili ne. Nauyin bai ragu ba, dalma dalma ce, mahauta suna ta tsokanarsu ba su san komai ba.

To ka ga yadda igiya ta zama biyu. Da, alkawari ne ya riƙe shi. Yanzu ga alkawari ga abin da ya ɓoye. In ya cike firam, jarida ba za ta fita ba, Alhaji zai tambayi dalili. In ya bar shi haka Alhaji ya rasu, layi uku zai samu kamar Yamusa, abin da aka yi duk wannan wahala don a guje masa. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana sauraren tari da fata, sai ga shi yana roƙon Allah kada Alhaji ya mutu yanzu.

Bayan yaƙi Ishaya ya zo, furfura ta fara masa, dariyar ma ta ragu. Ya yi wa Maude godiya a kan Abraham, ya ce yayarsa a cikin Littafi Mai Tsarki take ajiye fallen. Sannan ya ce, "Abokina, wannan ce ta ƙarshe. An kawo injuna masu jera baƙi da kansu. Tsofaffin hannu kaɗan za a riƙe a koya musu, na roƙa an bar maka wuri. In ka wuce bana, ko ni ba ni da bakin magana."

"Ka ba ni lokaci in gyara wani abu."

"Wane abu ne shekara goma sha biyar bai gyaru ba?"

Maude ya ɗaukar masa jaka. Ya raka shi har Zuba, ya tsaya yana kallo aka ɗaure kaya, mota ta tashi ta miƙa arewa. Ya sayi lemo don kada ya koma hannu sake, a hanya ya manta shi a cikin motar da ta dawo da shi.

Ya ƙudura zai cike firam a hankali, baƙi biyar yau, goma gobe, yana tsintar lotsattsu yana gyara su da wuƙa. Amma jikinsa ya riga shi. Tun yana yaro yake riƙe baƙi a leɓe in hannu ya cika, yake cin goro da yatsu baƙi ƙirin. Ciwon ciki ya fara murɗa shi, dasashinsa ya yi shuɗi, sannan wata rana ya miƙa hannu zai ɗauki baƙi sai na daman ya lanƙwashe daga wuyan hannu ya ƙi tashi. Ba a jima ba na hagu ya bi. Likita ya duba ya ce dalma ce ta taru a jini, ya bar aikin. Ina ma amfanin faɗa, aikin ya riga ya bar shi. Yatsun da ke tsintar baƙi kamar kaza na tsintar gero, yanzu ko maɓallin riga sai Lantana ta ɓalle masa. Muryar Iku ta daina fita.

Ya ga babu sauran dabara. Ran Juma'a ya ce wa Lantana ta ɗora masa firam, ya tallafe shi da damatsa ya ratsa kasuwa. Zauren Alhaji, da a da sai ka nemi wurin sa ƙafa, yanzu ba kowa sai shi kaɗai a kan buzu, ya tsufa tukuf, ido ya tafi gaba ɗaya. Abokansa sun mutu, 'ya'ya sai da salla, kujerar majalisa an ba wani. Maude ya sunkuya ya zame firam a gabansa, ya ja ƙyallen da haƙori.

"Baba Alhaji, yau ba karatu na zo yi ba. Abin da nake karanta maka babu shi a cikin nan. Na kwashe shi a lokacin yaƙi na yi wa yaran da suka mutu. Na so in mayar, ga hannuna ya mutu. Na ci amanarka."

Alhaji ya lalubo firam ya ɗora tafinsa a kai, ya shafa daga sama zuwa ƙasa.

"Motar katako ka fara cirewa," ya ce. "Sannan rijiya."

Maude ya ɗago kai.

"Ni da na yi shekara hamsin ina sa hannu a huhun goro in gane na ƙasa ba tare da na kwance ba? Wurin baƙi kaushi gare shi, wurin fili santsi. Tun ranar farko na ji."

"Ka sani?" in ji Maude. "Ka sani ka bar ni ina durƙuso ina karanta maka fili? Ka san babu abin bugawa, Ishaya ya zo ya tafi, ka ji labari, ba ka ce mini Maude je ka ba?"

"Na ji ya zo."

"To don me? Don Allah don me, Alhaji?"

Tsohon ya sake shafa dalma.

"Da farko ta'aziyyar nake so, ba ƙarya. Daga baya na ga wanda ya mutu ba ya karanta jarida. Amma ka duba zauren nan, Maude. Da na sake ka, wa zai shigo mini ran Juma'a?"

Maude ya matso gabansa. Bai taɓa ɗaga wa mutumin nan murya ba, ran nan ya ɗaga. Ya ce ya cuce shi. Ya ce da ya bar shi a bayan jakai da ya fi masa. Ya ɗago hannuwan nan biyu da ke reto ya kai su gaban idon da ba ya gani, ya ce, "Ga abin da ka bar mini, taɓa ka ji, tunda hannunka ya iya ji!"

Alhaji ya laluba ya kama su, ya jujjuya, suka zube a tafinsa kamar jiƙaƙƙen tsumma. Hawaye ya biyo kwarmin idonsa.

"Na sake ka," ya ce. "Na yafe alkawarin. Ka tafi Kadunarka."

"Da wane hannun?" in ji Maude.

Ya fizge ya fita ya bar firam a nan. A gida ya faɗa wa Lantana duk yadda aka yi. Ya zaci za ta yi ta zage-zage, sai ta zauna a bakin murhu ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba tun rasuwar uwarta. Makon nan bai leƙa ko ƙofar gida ba. Ya rantse ya kuma rantsewa ƙafarsa ba za ta sake taka zauren nan ba. Yana kwance yana jin motoci na wucewa can kan hanya, ya san babu wadda za ta kai shi inda ake bukatarsa.

Juma'a ta zagayo. Aka sauko daga masallaci, ya dawo ya zauna a tsakar gida, ya tashi, ya koma ya zauna. Lantana na kallonsa ta wutsiyar ido. Da ya miƙe karo na uku ya nufi ƙofa ta ce, "Malam, ba dai can za ka ba?"

"Ba kowa a wurinsa."

"Kai wa ke gare ka da ya gama da kai?"

Ya tsaya a bakin ƙofa, bai juyo ba. "Ina kuma za ni, Lantana?"

Ya ratsa kasuwa ba gammo ba kaya, amma wuyan na nan a nutse yadda ya saba. Wani mahauci ya buɗe baki zai tambayi ina gawar, babbansu ya galla masa harara ya yi shiru. A zaure ya tarar da Alhaji zaune inda ya bar shi, firam a gabansa, fuska na kallon ƙofa. Tsohon ya ji takunsa ya gane, bai yi masa sannu da zuwa ba don ya san ba ta da wurin zama. Maude ya durƙusa. Har yanzu yana jin haushinsa kamar ya shaƙe shi, kuma yana jin tausayinsa, ya rasa wanda zai ajiye.

Alhaji ya ɗora tafinsa a kan santsin dalma, ya ce a hankali, "In ba za ka iya ba, ka bari."

Maude ya dubi filin da babu ko baƙi ɗaya a cikinsa, ya gyara murya, ya fara daga shekarar da aka haifi Alhaji Mato.